Ƙwalamar Kaka a Kwanon Hajiya

Duk faɗin birnin New York, tun daga unguwar Jamaica inda nake zaune har tsallaken ruwa can Stapleton, babu wani mahaluƙi, mace ko namiji, da ya kai ni iya haɗa ƙwalamar kaka. Na faɗi haka a garejin motocin filin jirgi inda nake tuƙin bas, na faɗa a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, kuma har yau ba a samu wanda ya ƙaryata ni ba. Gaskiya dai ba a samu wanda ya san abin da nake magana a kai ba, amma wannan ba laifina ba ne.

Wani kwano ne ya jawo komai. Samira ce fara mai jajayen furanni, murfinta ya ɗan lotse, bakinta ya ɓantare a wuri biyu. Ranar da muka tare a benen nan, maiɗakina ba ta daɗe da zuwa daga Kano ba, ba ta san kowa ba, tana zaune a kan akwati tana kallon bango, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata dattijuwa ce riƙe da kwanon nan, cike da tuwo mai zafi da miyar ayoyo. Ta ce ita ce ta saman mu, 'yar Zangon Kumasi, ta ji ana Hausa a matattakala shi ya sa ta sauko. Daga ranar muka sa mata suna Hajiyar sama.

A gidan da aka haife ni, da gidan da aka haifi maiɗakina, kwanon maƙwabci ba ya komawa fanko. Kashegari aka zuba masa dambu aka mayar. Ya sake saukowa da koko. Ya hau da waina. Haka ya yi ta hawa da sauka shekara da shekaru, har aka manta da ko na waye. Ni dai aikina a cikin wannan zumunci ɗaya ne, kuma na riƙe shi da amana: ci.

Hajiya ta yi shekaru tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, tana ɗaga su tana kwantarwa, har gwiwoyinta suka ce su ma sun tsufa. Mijinta ya rasu tun kafin mu zo. 'Ya'yanta suna wata jiha mai nisa, sai dai waya.

To, a wata kaka, wajen dubu biyu da sha biyar ko sha shida, ban riƙe ba, surukata ta kwanta rashin lafiya, maiɗakina ta shirya tafiya Kano jinya. Ni na kai ta filin jirgi. Mace za ta tsallake teku, amma ba ta yi mani zancen fasfo ko tikiti ba. A bakin layi ta juyo ta ce, “Malam, abu ɗaya. In kwanon Hajiya ya sauko, kada ya koma fanko.”

Na ce, “Haba. Ni da na ciyar da ɗakin gwauraye guda a Bronx kafin ki zo ƙasar nan?”

Ta ce, “Da burodi da shayi.”

“Wani ya mutu?”

Ta ja akwatinta ta shige layi.

Ba a yi mako ba kwanon ya sauko. Hajiya da kanta ta kawo shi, tana dafa bango, tana sauko da ƙafa ɗaya ta jira ɗayar. Ta miƙo mani ta ce, “Ɗana, ga shi ku taɓa kai da yarinya. Gida ba mace, na san yadda yake.” Ni da 'yata, wadda lokacin take shekarar farko a babbar sakandare, muka cinye tuwon nan tas, muka wanke kwano, muka ɗora shi a kan firji.

Ranar hutuna na ɗaura zanin maiɗakina a ƙugu na ce yau Hajiya za ta ci dafa-dukan da za ta ba jikokinta labari. Ban san inda aka samu saɓani tsakanina da tukunyar ba. Na dai je ɗaga waya, na dawo na tarar da hayaƙin da na tabbata sai da jiragen da ke shirin sauka suka ƙara shawagi. Ƙararrawar hayaƙi ta ɗauki kuka, ta maƙwabta ta karɓa. 'Yata ta fito tana fifita littafi a sama. Yarinyar nan tana jin Hausa kamar jakar Kano, amma da Turanci take mayar da amsa, kuma da Turancin ta yanke mani hukunci: daga yau har uwarta ta dawo, ni da murhu sai dai gaisuwa daga nesa.

Na kira Kano da wata dabara. Na ce ai akwai gidan abincin 'yan Gana nan kusa da tashar jirgin ƙasa, sai in sayo in juye a kwano.

Maiɗakina ta matso da fuskarta jikin waya har hancinta ya cika allon. “Abin saye ba ya shiga kwanon nan. Hajiya ta san hannun duk wata mai sayar da abinci daga Jamaica har Harlem. Loma ɗaya za ta gane. Ka ga an mayar da ita mai tuwo-tuwon da ake biya kuɗin tuwonta ke nan.”

“To me zan zuba?”

“Abin da hannunka ya yi.”

Hannuna kuwa ya riga ya nuna abin da ya iya. Sai kwanon ya zauna a kan firji. Kwanaki suka zama makonni. Kullum na buɗe firji sai in ga kamar yana hararata. Na koma in na ji ƙarar sandar Hajiya a matattakala sai in tsaya bayan ƙofa da takalmi a hannu har ta wuce. Ƙato da ni, mai tuƙa motar da ta fi wani ɗakin girma, ina ɓuya wa tsohuwa.

Wata Juma'a muka yi kiciɓis wajen akwatunan wasiƙa, babu hanyar gudu. Ta gaishe ni, ta tambayi mai jiki, ta yi addu'a. Amma “Malam” ta ce mani, ba “ɗana” ba. Har ta juya za ta hau, sai ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan matattakala, ba ta waiwayo ba, ta ce, “Ko gishiri ya yi yawa ne rannan? Yanzu harshena ba ya ji sosai.”

Na ce a'a wallahi, tuwo ya yi daɗi, har yaƙi muka yi a kan ƙanzo. Ta ce to madalla, ta ci gaba da hawa.

'Yata tana bayana, ta ji komai. Da muka shiga ta ajiye jakarta ta ce, da Turancinta, “Dadi, tana zaton ba ma son abincinta ne.” Sannan ta ƙara da cewa, “Ka san ban da mu, mai kawo magani kaɗai ke ƙwanƙwasa ƙofarta?”

Ban sani ba. Shekarun nan duka ni abin da ke cikin kwanon nake gani. Ban taɓa lissafa cewa kowane hawa da ya yi, wani ne ya ɗauke shi, ya ƙwanƙwasa, aka buɗe, aka zauna aka yi hira ba. Maiɗakina takan ce bari in miƙa kwano in dawo, sai a yi la'asar ba ta sauko ba, ni kuma in yi ta mita. Ashe tun da ta tafi, ƙofar nan shiru take, kuma ni ne na ɗora shirun a kan firji.

A lokacin gari ya juya. Itatuwan titinmu sun yi ja sun yi ɗorawa, iska tana kwasar ganye tana watsa wa mutane a ƙafa. Mutanen nan suna son kakarsu, ban hana su ba, amma ban taɓa gane ta ba. A garinmu kaka ciki take shiga. Ɗanyar gyaɗa dafaffiya, masara a kan garwashi, rake, sabon gero da ƙamshinsa ke fitowa tun daga turmi. Lokacin ne ko wanda ba ya ga-maciji da kai zai aiko yaro da ɗan abin da gonarsa ta bayar. A nan kuwa sai a samu kabewa lafiyayya, wadda za ta yi miyar taushen unguwa guda, a fafe ta, a yanka mata ido da haƙora, a ajiye a ƙofar gida har ta ruɓe. Shekarar da na fara gani sai da na tsaya na yi mata ta'aziyya. Sannan duk abin da ka taɓa a kanti, daga kofi har sabulu, an barbaɗa masa abin da suke kira famkin sifayis, wato yajin kabewa. Da na shinshina na ce, wannan ai kirfa ce da citta da kanumfari, kayan da tsohuwata take ɗaurewa a ƙullin tsumma. Sun dai mance da masoro.

Daga nan 'yata ta samo mafita. Ta ce a makarantarsu in kaka ta zo akwai abin da suke haɗawa, ba wuta ba tukunya. A samo gugguru, da gyaɗa, da zabibi, da wani busasshen cincin mai gishiri da ake murɗewa kamar igiya, a zuba a leda, a sa kayan ƙamshi, a girgiza. Shi ke nan.

Na ce, “Girgizawa kawai?”

Ta ce e.

Na ce, “'Yar nan, duk ranar Allah fasinja nawa nake girgizawa a kan titin filin jirgi? An zo fagena.”

Amma na ce ba zan kai wa Hajiya kakar Turawa tsura ba, sai na sa mata tamu a ciki. Ranar Asabar da safe na hau jirgin ƙasa zuwa Canal Street, wurin wani abokina Bamaraɗe da ke sayar da huluna da mayafan sanyi a bakin titi. Mutumin nan ƙarƙashin teburinsa ƙaramar kasuwa ce. Duk wanda ya zo daga gida sai ya riƙo masa wani abu. Na same shi yana fama da wata mata da ke taya hula kamar za ta sayi gona.

Da ta tafi ya ce, “Bakano, lahiya? Ka rame. Madam ba ta dawo ba?”

Na ce, “Ramar ƙwarewa ce. Aya nake so, da dabino.”

Ya duƙa ya jawo wata leda. Aya ce busasshiya, ƙanana, ta yamutse kamar fuskar jariri sabon haihuwa. “Ta Maraɗi ce, ba irin ta kanti ba. Amma ka jiƙa ta hwa, ta kwana cikin ruwa.”

“Ni za ka koya wa aya? Kafin ka san hanyar Yamai nake cin aya a aljihu.”

“Da haƙoran da. Wa za ya ci?”

“Wata babbar baƙuwa.”

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, “To, Allah shi ba baƙuwa haƙuri.”

A jirgi ina dawowa na yi nazarin maganarsa na watsar. Komai na haɗin nan busasshe ne. In na jiƙa aya, gugguru zai yi laushi, cincin zai zama fate. Na yaba wa kaina da wannan zurfin tunani har muka iso Jamaica.

Bayan azahar muka baje kaya a teburin kicin. Gugguru na leda, soyayyar gyaɗa, zabibi, 'ya'yan kabewa ɓararru, cincin ɗin nan mai kama da igiya, busasshiyar kwakwa. Na yayyanka dabino na cire ƙwallo. Na kawo aya na zuba hannu biyu, na duba, na ƙara na uku. 'Yata ta ɗauko cokulan awo na uwarta, na ce ta mayar, gwani da ido yake awo. Na haɗa garin kirfa da citta da kanumfari, na murƙushe masoro da gindin kofi, na sa ɗan gishiri. Muka ɗiga zuma da ɗan man gyaɗa don garin ya kama, muka juye duka a babbar leda, na ƙulle baki.

Sannan na girgiza. Na girgiza sama, na girgiza ƙasa, na yi juyi irin na masu kalangu, har 'yata ta zauna a ƙasa don dariya. Rabon da in ji ta yi dariya haka tun kafin uwarta ta tafi.

Da na kwance ledar, ƙamshin ya daki fuskata. Citta da kanumfari da masoro, ba wani abu ba. Amma sai ga ni a tsakar gidanmu da sassafe, tsohuwata tana dama kunu, tana korar mu daga bakin murhu da ludayi. Ta rasu ina ƙasar nan, ban samu zuwa ba. Na tsaya riƙe da leda kamar wanda aka aika ya manta saƙo.

'Yata ta ɗebi kaɗan ta watsa a baki. Na ji wani ƙas. Ta dafe kunci ta fito da aya ɗaya a tafin hannu. “Dadi, wannan dutse ne.”

Na ce, “Haƙoran Amurka ne da ke. Mu da wannan muka girma.” Na jefa guda biyu a bakina don in nuna mata. Na tauna ta gefen da nake da tabbas a kansa, na haɗiye sauran yadda suke.

Muka sauko da kwanon daga kan firji, muka goge ƙura, muka cika shi har murfi yana ɗagawa. Ni na ɗauka. Shekaruna nawa a benen nan, wannan ne karo na farko da na hau matattakalar da kwano a hannu.

Mun ɗan jima muna ƙwanƙwasawa kafin mu ji sandar tana tahowa. Ta buɗe kaɗan, ta leƙo. Ba mu ta fara kalla ba, kwanon ta kalla. Ta jingine sandar a bango ta karɓe shi hannu biyu.

“Ɗana,” ta ce. “Ku shigo. Yarinya, kashe talabijin ɗin nan, tun safe yake mani surutu.”

Ɗakin tsaf, ɗumi, da ƙamshin man zafi. Ta zauna ta ɗora kwanon a cinya ta buɗe. Ta sunkuya ta shaƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta ce uwarta koko take sayarwa a bakin masallacin Zango, kuma ita ce mai daka mata kayan yaji tun tana 'yar ƙarama, ga shi yau ƙamshin ya biyo ta har hawa na uku.

Na gyara zama. Na fara ba da tarihin haɗin, yadda na tsallaka gari na samo aya, yadda masoro ya bambanta nawa da na Turawa. Ita kuwa ta sa yatsa tana jujjuya abin. Ta ɗauki aya ɗaya, ta matsa ta tsakanin yatsu, ta ajiye a gefe. Ta ɗauki gyaɗa, ta ajiye. Ta ɗauki cincin, ta duba gaba da baya, ta ajiye. Can ta samo ɗan guntun dabino ta sa a baki tana tsotsa.

A nan idona ya sauka a kan ɗan teburin da ke gefen kujerarta. Akwai carbi, da kwalaben magani, da wani kofin gilashi da ruwa. A cikin ruwan, haƙora ne, sama da ƙasa, suna yi mani murmushi.

Ta ga inda nake kallo. Ta ce, “Sun dame ni, ciwo suke sa mani. Sai zan fita nake sa su, don kada in tsorata yara.”

Maganata ta tsaya a tsakiyar masoro. Na shiga tuna abin da kwanon nan ya yi ta saukowa da shi: tuwo mai laushi, koko, miya mai yauƙi, wake da shinkafa da ya dahu har ya narke. Na tuna abin da maiɗakina take hawa da shi: fate, alale, waina da miyar taushe, dambun da ta turara sau biyu ina mata tsiyar ɓarnar gas. Ko sau ɗaya ba ta zuba soyayyen nama a ciki ba, ni kuma na ɗauka rowa ce. Mata biyu sun san abin da suke yi shekara da shekaru, ba wadda ta taɓa furtawa, ni ina tsakiya ina ci.

Na fara ba da haƙuri, Hajiya ta ɗaga hannu. “Yarinya, ɗauko mani faranti babba a kicin, da kofuna.”

Ta juye ƙwalamar kakata a faranti, ta ce mu matso. Aya a wannan kofi, za ta jiƙa ta kwana. Dabino da kwakwa su bi ta, gobe a markaɗa a yi kunun aya. Gyaɗa a wancan, ta kunun gyaɗa ce. Gugguru a bar mata, yana narkewa a baki. Cincin mai igiya kuwa yarinya ta tafi da shi makaranta, ta mayar wa masu shi. Haka muka zauna mu uku muna tsince abin da na ɓata rabin yini ina haɗawa, ƙwaya ƙwaya, yatsunmu suna danƙo da zuma. Girgizawar ba ta kai tsawon sallar nafila ba. Rabawar ta kai mu har rana ta yi ja a jikin taga.

Ba wanda ya yi sauri. Ta ba mu labarin wani tsohon Bature da ta yi wa aiki, wanda ya koyi cewa “sannu da aiki” ya riƙa gaishe da likitansa da ita. Ta tambayi 'yata sunayen ƙawayenta. Na ji yarinyar nan ta buɗe baki ta ce, “Mma, wannan na ina?” da Hausa, Hausar da ni nake roƙo ba na samu. Na yi kamar ban ji ba, don kada ta fasa.

Da muka tashi tafiya, Hajiya ta ce mu dakata. Ta shiga kicin da kwanon, muka ji ƙarar ruwa, muka ji buɗe tukunya. Ta fito da shi da ɗumi, ta ɗora mani a hannu. Ta ce gobe yarinya ta hawo ta taya ta tace kunun aya, kuma in na kira Kano in ce tana gaida mai jiki.

Nauyin kwanon a hannuna da jin ta sake ce mani “ɗana” a bakin ƙofa, sai ƙarfina ya dawo. Na ce, “Amma dai Hajiya, tsakani da Allah, a bar zancen haƙora. Duk New York akwai wanda zai iya haɗa irin wannan?”

Ta dafa ƙofa, ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Babu, ɗana,” ta ce. “Duk wanda ya iya girki ba zai iya ba.”